Takalman da Zan-Yi Ya Yi

A Adaminaby, ƙaramin garinmu na cikin duwatsu masu ƙanƙara, in ka tambayi gidan Clarrie Maddock, sai a tsaya ana sosa ƙeya. Amma ka ce gidan Zan-Yi, ko karen bakin hanya zai raka ka: can ƙarshen layin coci, inda rumfar kwanon da ke bayan gida ta fi gidan kansa girma. Mu nan ba ma laƙa wa mutum suna don ƙiyayya, gaskiya kawai muke faɗa masa a taƙaice, kuma in sunan ya kama, to ya kama ke nan. Clarrie ya ba saba'in baya, fiye da rabin shekarun nan kuwa da wannan suna yake amsawa, har matar da ke gidan waya da shi take kiransa.

Kada wani ya ɗauka malalaci ne. Duk wanda ya faɗi haka a gabana sai mun ɓata. Mutumin nan a kan giredar ƙaramar hukuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa, da rani yana baje tsakuwa, da hunturu yana ture dusar ƙanƙara daga hanyar Kiandra don motar makaranta ta wuce. Da ya ajiye aiki kuwa, kafin ka gama shayin safe ka riga ka jiyo zartonsa. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya yin abu, sai dai ya yi abin da za a yi abin da shi. Da ya so bandar kifi, sai ya gina ɗakin banda mai ƙofa uku, da ma'aunin zafi, da bututun hayaƙi mai bin iska. Kifi ko ɗaya bai taɓa shaƙar hayaƙi a ciki ba, kaji ne ke ƙwai a wurin yanzu. Da ya so kwalekwale, ya ƙera abin lanƙwasa haƙarƙarinsa, ya ƙera amalanken da zai kai shi bakin tafki, ya kafa masa inuwa don kada rana ta ci fentinsa. Inuwar tana nan, amalanken yana nan, in ka je ma zai nuna maka yadda birkinsa ke kamawa. Kwalekwalen ne kawai babu.

Sunan kuwa daga bakinsa ya fito, ranar da ya fara ganin Glenys. Ita 'yar Cabramurra ce, can sama inda ƙanƙara ke kaiwa taga, kuma tun tana ƙarama a kan takalman ƙanƙara take zuwa makaranta. Haka tsofaffinmu ke kiran dogayen katakon nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu da su. Nata babanta ne ya sassaƙa mata. Ranar wasan shekara a tudun Kiandra ta taho a guje, ta tarar da wani dogon saurayi kwance a gicciye a tsakiyar hanya, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Ta kauce don kada ta raba masa kai biyu, ta daki dutse, takalmin hagu ya ce ƙaras.

Ta miƙe tana kakkaɓe jiki ta ce, "Kai, wane irin mutum ne zai zo ya kwanta a hanya kamar buhun dankali?"

"Ki yi haƙuri," in ji Clarrie daga kwance. "Zan yi miki wasu."

"Ka iya?"

"Babana ya iya."

"Ba babanka na tambaya ba."

"Zan yi," in ji shi, ya kuma maimaita da ƙarfi don ta san da gaske yake. Abokansa suna kusa, sun kuma ji. Da shekara ta zagayo aka ɗaura musu aure, kuma a wajen walima ma da sabon sunan aka riƙa kiransa.

Daga nan abin ya zama al'adar gidan. Duk ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, Glenys za ta tsaya a taga da kofin shayinta ta ce, "Clarrie, ina takalmana?" Shi kuma ya ce, "Zan yi." Sai ta yi dariya, ta ɗauko na kanti da ta saya a birnin Cooma, ya kai ta tudu a motarsa, ya zauna yana karanta jarida har ta gaji. Shi dai tun faɗuwar nan bai sake ɗaura katako a ƙafa ba. Sun yi shekara arba'in da wani abu a haka, babu wanda ya taɓa gajiya da nasa bakin zancen.

Abin haushin shi ne baban Clarrie da gaske ya iya, kuma ba shi da komai. Zai tsaga itace da gizago, ya tsoma bakin a tukunyar wanki yana tafasa, ya cusa shi tsakanin sandunan shinge, ya danne da dutse, bayan mako guda ya miƙa wa mutum takalmansa. Clarrie yana girmama uban, amma wannan aiki a wajensa ganganci ne. "Baba da ka yake yi," in ji shi. "Ni da lissafi zan yi. Sai an sami injin matsi." Da ya bar gireda ya sami sarari, injin matsin ya sa a gaba.

In ba ka taɓa ganin irinsa ba, ga yadda yake. Manyan ƙarafa biyu ne na wata tsohuwar gada da aka rushe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an haɗe su da walda. A tsakaninsu akwai dogon katako da aka fere, tsakiyarsa da ɗan doro, goshinsa a ɗage, daidai siffar takalmi. Clarrie gado yake kiransa, don a kansa takalman za su kwanta. Sai a jera siraran falle-fallen itace a kai, kowanne an shafe shi da gam, a ɗora musu mesar kashe gobara da aka toshe bakinta, a hura mata iska ta kumbura ta danne su a kan gadon, a rufa da bargon lantarki gam ya nuna. Ƙarafan maƙwabcinsa Vlado ne ya yi musu walda, ɗan wani baƙo daga cikin waɗanda suka zo gina madatsar ruwa suka ƙi komawa. Mesar kuwa 'yan kashe gobara na sa-kai ne suka ba shi, bayan ta tsufa. Amma gadon, babu hannun kowa a cikinsa sai nasa. Azarar gidan babansa ce ta tsohon gari, wadda aka ciro kafin ruwan madatsa ya shanye wurin. Hunturu bayan hunturu Clarrie yana goge ta, yana runtse ido ɗaya yana leƙen tsawonta, har ta yi sulɓin da in ƙuda ya sauka sai ya zame. Duk garin nan babu abin da aka yi da kyau kamarta, kuma ya san haka.

Ranar gwajin farko Lahadi ce. Mesar ta fashe ana tsakiyar addu'a a coci, fadan cocin ya ce amin tun bai kai ƙarshe ba. Karen Vlado sai a bakin tafki aka gano shi, kajin ɗakin banda suka yi yajin ƙwai har ƙarshen wata. Clarrie ya fito da ƙura a gira yana murna, wai yanzu ya san iyakar ƙarfinta. Ya samo wata mesar. A gwaji na biyu Vlado ya manta da burodinsa mai nama a kan gadon, aka danne shi aka dafa, ya fito fale-fale da zafinsa.

Vlado ya ɗanɗana ya ce, "Injiniya, na taya ka murna. Yau rumfar nan ta fitar da abu."

"Fita mini, tsohon banza."

"Da gaske nake. In ka ƙara cuku, sai mu buɗe shago."

Injin dai ya kammala, kowa ya gani. Sai Clarrie ya gano cewa falle-fallen itacen ba za su yi kauri ɗaya ba sai da injin yanka na musamman, ya yi shi. Sai ya gano itacen yana da danshi, ya gina akwatin busarwa. Sai ma'aunin iska bai gamsar da shi ba. Mutane suna dariya, ni ma na yi, amma na daɗe da sanin ba shirme ba ne. Tsoro ne. Takalmin da ke kansa babu aibi a jikinsa, kuma muddin bai hura iskar nan a kan itacen gaske ba, babu wanda zai ɗaga aikinsa ya kwatanta da na babansa, ko da na baban Glenys.

Sai gwiwar Glenys ta ƙi. Ta daɗe tana ɗingishi tana cewa sanyi ne, har likita a Cooma ya ce a watan Oktoba za a yi mata aiki a sa mata ta ƙarfe, kuma da irin ƙashinta, bayan aikin ta manta da sulu. A mota ta gaya wa Clarrie, suna dawowa, da muryar da ake cewa da alama za a yi ruwa. Ya ce, "Likitoci ai haka suke." Ta ce, "Kula da hanya."

Ƙanƙarar farko ta sauka wata safiya a watan Yuni, farkon hunturu a ƙasarmu. Glenys ta tsaya a taga da kofinta. Clarrie yana zaune a tebur, amsarsa tana bakinsa a shirye, har ya fara murmushi. Ta daɗe tana kallon waje, sannan ta juyo ta ce, "Ka fasa wa kaji ruwansu, ya daskare." Ta ɗauraye kofin ta kife.

Ban taɓa jin abin da ya girgiza Clarrie kamar wannan ba. Fashewar mesa ko gezau bai yi ba, amma ranar ya fita wajen kaji ya tsaya da sanda a hannu har yatsunsa suka ƙage don sanyi. Tambayar da ya ɗauka wasa ce duk shekarun nan, ashe ita ce ke nuna matar tana jira. Yanzu ta daina, kuma hunturun da ya rage mata ɗaya ne, wannan da ke sauka a kan hularsa.

Ya shiga rumfa da niyyar aiki, amma hali ya riga ya zame masa jiki. Watan Yuli kaf ya tafi a kan wani abin riƙe gwangwanin gam don kada ya kife. Vlado ya leƙo ya gani, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Injiniya, wannan kuma na mene ne?"

"Na riƙe gam."

"Hannunka fa, ciwo yake?"

"Kai ba ka san aiki ba."

"Na san ƙanƙara dai. Ta bana ba ta da kauri, ciyawa har ta fara leƙowa a Kiandra. Ka ji ni da kyau, Clarrie: ka sake ƙera wani abin ƙera wani abu, ni da kaina zan kwantar da kai a gadon nan in ba ka iska."

Suka sa ranar Laraba ta ƙarshen Agusta, ranar da Glenys ke wuni a zauren gari tare da ƙungiyar mata suna ɗinka bargon da za a sa a caca don taimakon asibiti. Motar ƙawarta da ta zo ɗaukarta na ɓacewa, tsofaffin biyu suka faɗa rumfa. Clarrie ya kwaɓa gam, irin wanda in an haɗa ruwansa biyu ba ya jiran kowa. Sai da ya gama kwaɓawa ya miƙa hannu saman kanta don ɗauko ledar da ake shimfiɗawa tsakanin gado da takalmi don kada su manne. Ya saye ta tun shekarar da aka yi babbar gobara. Ɓeraye sun yi sheƙa da ita, har sun yi jikoki a ciki.

"Gam yana ɗaukar zafi," in ji Vlado yana taɓa gwangwanin. "Yi wani abu."

"Takardar kek!" in ji Clarrie. "Wadda Glenys take shimfiɗa wa faranti don kada kek ya kama. Ita ma tana yi."

Ya fita da gudun da rabon a gan shi da shi tun yana saurayi. To a gidan nan akwai iyaka, kamar kowane gida a garinmu: rumfa tasa ce, Glenys ba ta taɓa tsallake bakin ƙofarta ba, in abinci ya nuna daga nesa take buga murfin tukunya. Kicin kuwa nata ne, Clarrie bai san komai a ciki ba sai inda cokali yake. Ya buɗe gwangwanin biskit, maɓallai. Ya buɗe na shayi, irin kabewa. Ya buɗe na sukari, tsofaffin makullai. Mai hankali da a nan ya gane irin ƙasar da ya shigo. A durowar ƙasa ya ci karo da dogon kwali, an rubuta takardar kek ɓaro-ɓaro a jiki, har da hoton kek ɗin. Ya suri kwalin, ya bi ta ɗakin kwana ya finciko bargon lantarki daga gadonsu, don na rumfa ya riga ya lalace, ya dawo yana haki.

Vlado ya warware takardar ya ɗaga ta a haske. Fara ce shara-shara, ana ganin mutum ta ciki.

"Anya? Wannan ba ta yi sirantaka ba?"

"Ka iya karatu? Duba kwalin."

"Ni dai ta matata ba haka take ba."

"Ta zamani ce. Ninka ta biyu, shimfiɗa!"

Suka shimfiɗa, suka jera itace, suka ɗora mesa, suka rufa bargo. Clarrie ya ɗora hannu a kan makunnin iska, ya tsaya. Vlado ya ɗora nasa hannun a kai ya danna. Mesa ta kumbura, ƙarfe ya yi ƙara, gam ya tsattsafo ta gefe, babu abin da ya fashe. Suka zauna a kan bokiti suna gadi kamar masu jiran haihuwa, Clarrie yana tashi yana duba ma'auni yana komawa.

Da la'asar suka sace iskar, suka yaye bargo, suka ɗage mesa. Ga su nan kwance gefe da gefe, dogaye, goshi a ɗage, ruwan zuma, babu ko kumfa ɗaya a jikinsu. Vlado ya yi fito. Clarrie ya goge hannu a wando, ya kama goshin na dama zai ɗaga. Bai ɗagu ba. Ya ƙara ƙarfi. Ya kama na hagu. Vlado ya kama, suka ja tare har injin ya motsa daga inda yake. Suka nemi inda za su zura wuƙa, babu. Takalma da gado sun zama itace ɗaya.

Suna cikin haka haske ya ragu a bakin ƙofa. Glenys ce, da sandarta a hannu ɗaya, kwalin da babu komai a ciki a ɗayan.

"Wa ya tuɓe mini gado? Kuma wa ya kwashe mini gam ɗin ɗinki? Na dawo ɗauka, mata suna can suna jirana."

"Wane gam?" in ji Clarrie. "Takardar kek na ɗauka."

"Takardar kek tana bayan murhu, cikin kwalin taliya. Wannan ta manna ƙyalle ce. In ta ji zafin dutsen guga sai ta narke ta kama, har abada."

"To me ya kai ta kwalin takardar kek?"

"Tsawonsu ɗaya mana. Kai, Clarrie, wane mahaukaci ne ke yarda da rubutun kwali?"

Vlado ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ni dai na ce anya."

Ta dube su, ta dubi bargonta mai dabbare-dabbaren gam, ta dubi bayansu. Sai ta ɗaga sandar ta tsallake bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kafa rumfar. Suka matsa mata. Da ta gane abin da ya faru dariya ta kama ta, irin mai sa mutum neman wurin zama, ta zauna a kan bokiti tana share hawaye tana cewa wayyo gwiwata. Vlado ya taya ta. Clarrie kaɗai ya yi tsuru-tsuru. Da dariyar ta lafa ta miƙa hannu ta shafa na hagu, tun daga goshi har tsakiya, ta daɗe hannunta yana wurin.

"Ashe ka iya," in ji ta.

Vlado ya yi gyaran murya ya faɗi abin da kowa ya riga ya gani. Ɗaya ne zai tsira. In aka sa cizal aka farfashe takalman, gado zai fita lafiya, a goge shi a sake. Amma falle-fallen itace sun ƙare, kafin a yanka wasu su bushe ƙanƙara ta zama laka. In kuwa takalman ake so, sai a kife gadon a sassaƙe shi ta baya har a iso gare su, kuma daga ranar babu injin matsi, sai ƙarafan gada da tsohuwar mesa.

Idon Clarrie yana kan azarar. Glenys ta san abin da take a wajensa, ta ga hasken rumfar nan ta tagar kicin hunturu nawa. Ta dafa sandarta ta miƙe.

"Farfashe su, tsoho. Ka ceci katakon babanka, irinsa babu. Na gan su da idona, ya ishe ni." Ta kama hanyar ƙofa, ta waiwayo ta ce, "Za ka yi wasu."

Ba da zolaya ta faɗa ba, da tausayi ta faɗa, kuma shi ne abin da ya kashe shi. Garin nan kaf ya yi shekaru yana jifansa da kalmar nan bai ji zafi ba. Yau matarsa ta miƙo masa ita da hannu biyu don ya ɓuya a bayanta, alhali su biyun sun san babu wani hunturu a gaba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da kuma son matar nan har ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari da safe Vlado ya ji ƙarar da bai saba ji ba, ya leƙo ta shinge. Clarrie ya kwance gadon daga injin, ya fito da shi tsakar gida ya kife a kan benci, yana riƙe da gizagon babansa. Bai auna komai ba, bai ja layi ba, bai ƙera abin riƙe gizago ba. Ya tofa yawu a tafi ya sara. Vlado ya cire hula, sannan ya tuna ba jana'iza ba ce ya mayar, ya tsallako ya riƙe masa ƙarshen katakon.

Kwanaki suka yi suna yi. Gizago ya ci rabonsa, aka koma abin fere katako, aka koma samfefa. Ɓawon itace ya cika tsakar gida, Glenys tana fitowa da kwando tana ɗiba tana hura murhu da shi, ba ta ce masa ya bari ba, ba ta ce ya ci gaba ba, sai dai shayin da take kawowa ya fi na kullum zaƙi. Da suka kusa isa ga takalman Clarrie ya ji tsoron kada ya huda su, ya tsaya. Saboda haka a ƙasan kowanne akwai siririyar fata ta tsohuwar azara, baƙa-baƙa, mai sulɓi. Ya raba su da zarto, ya gyara gefuna, ya ɗaura musu maɗauri. Ya narka kakin zuma da ƙaro a gwangwani, haɗin da tsofaffi ke kira moko, ya shafe ƙasan da shi yadda ya ga babansa yana yi, da ka.

Suka hau Kiandra ana tsakiyar Satumba. Ƙanƙara ta janye, saura wani dogon tsiri a gefen tudun da rana ba ta bugu, ciyawa tana kewaye da shi. Vlado ya tsaya a ƙasa da karensa. Clarrie ya durƙusa ya ɗaura mata takalman, gwiwarsa tana ƙara, tata tana amsawa. Ta buga ƙafa ɗaya, ta buga ɗayar, ta ja hularta ta rufe kunne.

"Matsa mini daga hanya. Na san halinka."

Ta tura sanda. Da fari a hankali, kamar mai taka gadar itace, sai kafaɗunta suka sauka, ta ɗan durƙusa, takalman suka ɗauke ta. Clarrie ya ji ƙarar da suke yi a kan ƙanƙara, shuu, ya ji Glenys ta saki wata ƙara da rabonsa da jin ta tun tana budurwa. Yana kallo ta fara karkata hagu. Ta ƙara karkata. Ta bar tsirin gaba ɗaya, ta shiga ciyawa, ta zauna daɓas a cikin wani kurmin ganye, takalman suna kallon sama.

Ya taho da gudu, santsi ya kwashe shi, ya ƙarasa gangaren a kan bayansa, ya tsaya kusa da ita a gicciye, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Daga ƙasa Vlado yana ihu yana tambaya ko a kira motar asibiti, kuma wa za a fara ɗauka.

Glenys tana kwance tana kallon sama, fuskarta jiƙe, tana dariya tana numfashi da ƙyar.

"Na hagu yana ja," in ji ta. "Ya fi ɗan'uwansa nauyi."

"Na sani. Fatar ta fi kauri a wajen. Zan gy..."

"Taɓa su ka gani."

Ta miƙo masa hannu, ya tashi ya tashe ta, ya kwance mata maɗauri. Ta kakkaɓe masa ƙanƙara daga ƙeya, ta ɗaga kai ta dubi tsirin, ta dubi rana.

"Da saura kafin ta narke. Ɗauko mini takalmana."

Ya saɓa su a kafaɗa, ta riƙe hannunsa, suka kama hawa a hankali.